Wane ƙaramin katamaran ya dace da mai son tsere shi kaɗai da kuma tare da iyali?

Wani bawan Allah mazaunin Gwarinpa a Abuja ya aiko da tambaya. Ya ce ya ɗan koyi tuƙin jirgin ruwa mai tafiya da iska a lokacin da aiki ya zaunar da shi a Legas, yanzu kuma yana son sayen ƙaramin katamaran da zai riƙa fita da shi shi kaɗai a yawancin ranakun Asabar, sannan ya shiga tsere da shi tare da maiɗakinsa ko ɗaya daga cikin 'ya'yansa biyu, mai shekara 12 da mai shekara 9. Nauyinsa kilo 78 ne, kuma yana fatan zuwa Legas sau ɗaya ko sau biyu a shekara domin ya kara da waɗanda suka fi shi. Abin da yake son sani shi ne wane iri zai saya.

Malam, na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai, domin masu sha'awar wannan wasa ba su da yawa a ɓangarenmu, kuma ka faɗi abu biyu da masu tambaya suka saba mantawa da su, wato nauyinka da shekarun yaranka. A kansu kusan duk amsar za ta tsaya.

Bari in yi wa sauran masu karatu ɗan bayani kafin in shiga zancenka. Katamaran jirgi ne mai kwami biyu dogaye sirara, an haɗa su da sanduna biyu na alminiyam, an ɗaure shimfiɗar tamfol a tsakaninsu inda mutane ke zama. A tsakiya akwai dogon jigo wanda ake ɗaga filafili a jikinsa, wato zanen da iska ke turawa. Asalin sunan daga harshen Tamil na kudancin Indiya yake, ma'anarsa itatuwan da aka ɗaure wuri guda. Faɗinsa ne yake ba shi damar ɗaukar babban filafili ba tare da nauyi a ƙasa ba, shi ya sa yake da gudu. Amma wannan faɗin da ke hana shi saurin kifewa, shi ne kuma ke hana shi saurin tashi idan ya kife. Ƙaramin jirgi mai kwami ɗaya yaro ma yana iya tayar da shi. Katamaran kuwa, idan ya kwanta a gefe, sai an sami isasshen nauyin mutum da zai rataya a jikin igiya ya jawo shi.

Saboda haka ma'aunina na farko ba gudu ba ne. Tambayar ita ce: ranar da jirgin ya kife kana kai kaɗai a tsakiyar ruwa, za ka iya tayar da shi? Na biyu, za ka iya jawo shi daga tirela zuwa bakin ruwa ka kafa jigonsa ba tare da ka tara mutane ba? Jirgin da sai an nemo mutum uku kafin ya taɓa ruwa, a garejin gida zai ƙare rayuwarsa. Na uku kuma, da wa za ka yi tseren? Wannan na ukun shi ne yake rikita lissafi a ƙasarmu, kuma zan dawo kansa.

Sai mu duba ruwan da kake da shi. Tafkin Jabi shi ne mafi kusa da kai, amma ƙarami ne ga katamaran, kuma gine-gine da bishiyoyin da ke kewaye da shi suna karya iska, ta zo ta nan yanzu, ta juya ta can anjima. Madatsar Usuma ta fi faɗi, sai dai ruwan shan birnin ne, don haka kada ka kai jirgi wurin sai ka nemi izini daga masu kula da ita. Manyan ruwaye irin su Shiroro da Kainji a Jihar Neja suna da fili yadda ake so, amma tafiya ce ta musamman wadda ke buƙatar bincike kan hanya da tsaro kafin a kama ta. Abin da ya haɗa waɗannan ruwaye shi ne, yawancin kwanaki iskarsu ba ta da ƙarfi, ruwan yana ja da baya da rani ya bar kututtura da duwatsu kusa da sama, ga kuma ragar masunta. Wannan yana nufin jirgin da ke da allunan da ake zurawa ƙasa ta cikin kwami domin hana shi zamewa gefe bai dace da kai ba. Allon nan idan ya daki kututture da gudu, yakan tsaga ramin da yake ciki, gyaransa kuma ba na kowane mai aikin faiba ba ne. Ka nemi jirgin da siffar kwaminsa ce take yin wannan aiki.

Da wannan kaɗai mun sallami jiragen da suka fi ɗaukar ido a intanet. Nacra 17, wanda ake tsere da shi a gasar Olamfik tun daga ta Riyo a 2016, mace ɗaya da namiji ɗaya, na ƙwararru ne. Ajin A, wani rukunin katamaran na tsere, na mutum ɗaya ne zalla, mafi ƙarancin nauyin da ƙa'ida ta yarda masa kilo 75 ne, ba ya ɗaukar iyali kuma ba ya jure dukan dutse. Formula 18 ya kai wajen kilo 180, mutum ɗaya ba ya tayar da shi. Formula 16 ne kawai a cikinsu aka tsara shi domin mutum ɗaya ko biyu, kuma jirgi ne mai kyau, amma yana da allunan da na ambata, ga tsada, ga igiyoyi masu yawa da za su rikita yaro mai shekara 9.

Waɗanda suka rage guda huɗu ne da ya kamata ka yi tunani a kansu.

Hobie Wave shi ne mafi sauƙi. Tsawonsa kusan mita 4 ne, nauyinsa wajen kilo 111, an yi jikinsa da roba mai kauri wadda ba ta damu da yashi ko dutse ba. Filafili ɗaya gare shi, ba shi da sandar kwance ta ƙasan filafili da ke dukan kawunan mutane, kuma akwai wata ƙwallo a saman jigonsa da ke hana shi juyewa gaba ɗaya ƙasa ta koma sama. Kai kaɗai za ka tayar da shi cikin sauƙi, babban ɗanka ma zai iya tuƙa shi bayan 'yan makonni. Matsalarsa ita ce a iska mai rauni irin tamu, da manya biyu a kai, tafiyarsa sai a hankali, kuma tun da babu ƙaramin filafili na gaba, wanda ke tare da kai ba shi da aikin yi sai zama. Wannan ba ƙaramin aibi ba ne ga mai son iyalinsa su so wasan. Yaron da aka ba igiya ya riƙe yana jin da shi ake tafiyar, wanda aka ce ya zauna kawai kuwa, bayan fita uku zai ce ya gaji.

Sprint 15, wanda a da ake kira Dart 15, da yayansa Dart 18, duka ƙirar Rodini Maci ne na Ingila, mutumin da ya zana Tornado da aka yi tsere da shi a Olamfik daga 1976 zuwa 2008. Idan a kan takarda ne, Sprint 15 shi ne ainihin amsar tambayarka. Tsawonsa mita huɗu da rabi, nauyinsa kaɗan ya ɗara kilo 100, ba shi da sandar kwance, ba shi da allunan zurawa, kuma ƙa'idar ajinsa ta yarda ka yi tsere kai kaɗai da babban filafili, ko ka ƙara ƙaramin na gaba ka ɗauki yaro. Ana iya kwance shi a ɗora kwaminsa a saman mota. Dart 18 ma haka tsarinsa yake, sai dai ya fi tsawo, kusan mita biyar da rabi, ya kuma fi dacewa da manya biyu. Ina son waɗannan jirage, kuma da a Ingila kake zaune da na ce ka sayi Sprint 15 ka rufe zancen. Amma a nan sai ka yo odarsa daga Turai, ka biya kuɗin kwantena da na kwastam, duk ƙaramin ƙarfen da ya karye kuma sai ka jira wani mai dawowa daga tafiya. Sannan bayan duk wannan wahala, kai kaɗai ne za ka kasance da irinsa a kan ruwa.

Shi ya kawo mu ga Hobie 16, kuma a nan zan daɗe. Hobi Alta, mutumin Kalifoniya ta Amurka, ya fitar da Hobie 14 a 1968, sannan a farkon shekarun 1970 ya biyo da na 16, wanda aka ƙera fiye da dubu ɗari nasa a duniya. Tsawonsa mita 5 da ɗan ɗori, faɗinsa mita 2.4, nauyinsa kilo 145, filafilansa biyu sun kai murabba'in mita 20, jigonsa kuma mita 8. Kwaminsa lanƙwasasshe ne kamar ayaba, gefe ɗaya a miƙe ɗaya a kumbure, wannan siffa ce take maye gurbin allon ƙasa, don haka kana iya tura shi kan yashi ba fargaba. Abin da ya fi kome muhimmanci gare ka shi ne, kulob ɗin jiragen iska na Legas, wanda aka kafa tun 1932, ya daɗe yana da rukunin masu tsere da Hobie 16. Ma'ana akwai abokan karawa, akwai tsofaffin jirage da kan fito kasuwa idan masu su za su bar ƙasar, akwai kuma mutanen da suka san gyaransa. Tsere da jirage iri ɗaya shi ne tsere na gaskiya, domin wanda ya riga isa shi ya ci, ba a jiran lissafi. Idan jiragen sun bambanta, sai a koma ga tsarin rangwame inda ake raba lokacin kowa da wata lamba da aka ba irin jirginsa, kuma ko da yake tsarin yana aiki, ba ya koya wa mutum abin da zai koya idan jirgi irin nasa ya wuce shi ta gefe yana kallon yadda mai shi ya ja igiya.

Ga iyali, Hobie 16 yana da aiki ga kowa. Na gaba yana riƙe igiyar ƙaramin filafili, idan iska ta yi ƙarfi kuma ya rataya a jikin waya ya fita waje da jirgin yana tokare da ƙafafunsa, abin da yara ke matuƙar so. Ka lura da ƙa'idar ajin: nauyin mutum biyun da ke tsere kada ya gaza kusan kilo 129. Kai da maiɗakinka za ku cika wannan. Kai da ɗanka mai shekara 12, idan nauyinsa wajen kilo 40 ne, kun tashi 118, sai a ɗaure ƙarin nauyi a jikin jirgin a cike giɓin, kuma akwai iyakar abin da aka yarda a ƙara, don haka ƙaramin sai ya ɗan ƙara girma kafin ya shiga gasa. Ku huɗu za ku iya hawa domin shan iska a rana mai sauƙi, amma tsere na mutum biyu ne.

Yanzu ga inda nake son ka saurare ni da kyau. Da kilo 78, ba za ka iya tayar da Hobie 16 da igiya kaɗai ba, musamman idan babu iskar da za ta shiga ƙarƙashin filafili ta taimaka maka. Na san wannan a jikina. Wata ranar Afrilu na fita ni kaɗai a wata madatsar ruwa, iska lallausa, na ga gabas ta yi baƙi na ce bari in ƙara zagaye ɗaya. Kafin in juya, iskar da ke gaban hadari ta iso, goshin kwamin da ke ƙasan iska ya nitse, jirgin ya tuntsura ta gaba ya jefa ni cikin ruwa. Wannan tuntsurawa sanannen hali ne na Hobie 16, saboda goshinsa siriri ne ba shi da yawan abin da zai riƙe shi a sama. Na fi rabin awa ina rataye a igiya jirgin bai motsa ba, kan jigon kuma ya fara kafewa a laka, sai da wasu masunta biyu suka zo da kwale-kwale suka ɗaga mini kan jigon. Allah Ya saka musu da alheri. Abin da na jahilta a ranar shi ne, idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da take tura filafili da shi ninkawa huɗu yake yi, kuma iskar hadarin farkon damina da ta ƙarshenta a yankinmu ba ta ba mutum minti goma na shiri.

Akwai maganin wannan matsala, kuma ba shi da tsada. Ana amfani da babbar jakar ruwa wadda ake cikawa a rataya a kafaɗa ko a jikin igiya ta ƙara wa mutum nauyi, ko wata sanda da ake kafawa a ƙarƙashin shimfiɗa mutum ya rataya a ƙarshenta. Ana kuma ɗaura ƙwallo a saman jigo, a toshe duk wata kafa da ruwa zai shiga cikinsa, domin jigon da ya sha ruwa ko mutum uku sai sun yi da gaske. Amma kayan ba su da amfani sai an gwada su. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka zaɓi rana mai sauƙi, kusa da gaɓa, da jirgin inji a gefenka, ka kifar da jirgin da gangan ka tayar, ka maimaita har sai hannunka ya san aikin. Daga baya ka yi haka da maiɗakinka, sannan da yaran ɗaya bayan ɗaya, domin yaron da ya taɓa kifewa cikin wasa ba ya firgita ranar da abin ya zo da gaske. Idan bayan gwaji da jaka ka ga har yanzu ba ka iya tayar da shi, to jirgin ba na fitarka kai kaɗai ba ne, duk yadda kake son sa.

Hukuncina ke nan: ka sayi Hobie 16 na hannu daga Legas, bisa sharaɗin jakar tayarwa da ƙwallon jigo da kuma alkawarin ba za ka fita kai kaɗai ba sai akwai jirgin inji a kan ruwa da wanda ya san ka fita. Raunin iskar Abuja, wanda yake aibi ga Wave, alheri ne a gare ka a nan, domin babban filafilin da zai fi ƙarfin mutum ɗaya a teku shi ne zai motsa ka a tafki. Idan kuwa ka binciki zuciyarka ka ga zuwa Legas buri ne kawai, fitarka kai kaɗai ce za ta fi yawa, to ka bar na 16, ka nemi Sprint 15 idan aljihu zai ɗauka, ko Wave idan abin da ka fi so shi ne yaran su koyi tuƙi da kansu.

Game da sayen na hannu, araha ba ta ado. Ka je da kanka, ko ka tura wanda ya san jirgi. Ka danna saman kowane kwami da tafin hannu, musamman gaban ginshiƙin da ke riƙe shimfiɗa. Idan wurin ya lotsa ko ka ji ƙara kamar ana taka busasshen ganye, faiban ya rabu da abin da ke cikinsa, wannan kuma rauni ne a wurin da ya fi ɗaukar nauyi. Ka leƙa ƙasan kwami ka ga yadda yashi ya cinye shi. Ka ɗaga kowane gefe ka ji ko ɗaya ya fi ɗaya nauyi, alamar ya daɗe yana shan ruwa. Jirgin Legas ya zauna a ruwan gishiri, saboda haka ka duba duk inda ƙarfe ya haɗu da alminiyam, farin gari a wurin alamar ci ne. Wayoyin da ke riƙe jigo kuwa kada ka tsaya duba su, ka sauya su gaba ɗaya, domin daga ciki suke ruɓewa. Ka gwada maƙallan allunan juya jirgi na baya, su kulle su kuma buɗe idan sun daki ƙasa. Lambar da aka buga a bayan kwami takan nuna shekarar ƙira a lambobinta na ƙarshe. Filafili da shimfiɗa ana iya sayen sababbi, ka dai rage kuɗinsu daga farashi, kuma idan ka kawo jirgin gida ka rufe shi, don ranar Abuja tana cin zare da tamfol fiye da yadda ruwa ke yi.

Hanyar Legas zuwa Abuja ta haura kilomita 700, don haka tirelar ma sai an duba ta kamar mota: tayoyi, boris, fitilu, da tayar safaya. Faɗin jirgin ya ba da damar a ja shi ba tare da an kwance ba, amma jigo mai mita 8 zai zarce ta baya, sai a ɗaura masa jan ƙyalle. Wanda zai yo oda daga waje kuma ya sani irin wannan jigo ba ya shiga ƙaramar kwantena, sai babba. Akwai wani haɗari da ya kashe mutane a ƙasashe da dama kuma ba a cikin ruwa yake ba: jigon alminiyam da ya taɓa wayar lantarki lokacin da ake kafa shi ko ake tura jirgi zuwa gaɓa. Ka ɗaga kai ka duba sama kowane lokaci, ko da wurin ka saba da shi.

Rigar ceto wajibi ce ga kowa tun daga bakin ruwa, kuma ta yaro ta zama daidai jikinsa mai igiya ta tsakanin ƙafafu, ba ta babba da aka matse ba. Duk wanda zai hau ya fara koyon iyo. Ga maiɗakinka, babu buƙatar ta sassauta suturarta, sai dai a guji mayafi ko doguwar riga mai yawo, domin suna shiga cikin igiyoyi da 'yan tayoyin da igiya ke bi ta kansu kuma suna nauyi idan sun jiƙe. Wando mai kauri, riga mai dogon hannu, da ƙaramin hijabi da aka cusa cikin rigar ceto sun wadatar. Sandar kwance ta Hobie 16 tana ƙasa sosai, saboda haka ka koya wa kowa sunkuyawa da zarar ka ce za a juya. Ka riƙe ƙaramar wuƙa a jikin rigarka saboda igiya ko raga da za ta iya naɗe wani. Tun da ruwan tafki ne, akwai yiwuwar kamuwa da tsargiya, don haka idan wani ya ga jini a fitsari ko zazzaɓi ya biyo bayan shiga ruwa, a gaya wa likita cewa an shiga tafki.

Lokacin koyo mafi kyau shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da babu hadari kuma iskar hunturu takan ɗan motsa da hantsi, ko da yake ƙura kan rage gani. Ka yi wannan kakar ta farko kana koyon juya jirgin ta fuskar iska, wanda shi ne abin da ke ba masu Hobie 16 wuya, musamman a iska mai rauni: a shiga juyin da ɗan gudu, a tura sandar tuƙi a hankali ba da fizga ba, a bar ƙaramin filafili ya cika ta baya har goshi ya tsallake, sannan a sake shi a ja ta ɗaya gefen. Wannan aikin na ƙarshe shi ne na ɗanka. Ku jefa jarkoki uku da aka ɗaure da dutse su zama alamomi, ku riƙa zagaya su kuna duba agogo kuna rubuta lokacin kowane mako. Idan ya kai yana sakin igiyar a daidai lokaci ba tare da ka yi masa magana ba, kun isa ku ɗaura tirela ku nufi Legas.